Hoton Ƙasa: Shaida Ne Ko Ado?

Jama'a sukan tambayi malamai hukuncin hoto, kuma a kan duwatsu da koguna maganar ba ta da tsawo, domin tun zamanin Sahabbai Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin mutum yana iya yin ƙarya da hoton da bai canja kome a cikinsa ba?

Mai sha'awar ɗaukar hoto, wanda ba da shi yake ci ba, in ya nufi Kurya Madaro ta ƙasar Ƙaura Namoda, zai fara koyon haƙuri. Rana tsaka wanke launin ƙasa take yi. Sai ya jira la'asar sakaliya, sa'ad da inuwar kuka ta miƙe, yashin gulbin Gagare ya yi ja. Kyamara dai akwati ce mai duhu wadda haske ke shiga ta 'yar kafa, al'amarin da Ibnul Haisam ya bayyana a Masar tsakanin 1011 da 1021. Watau abin da aka nuna mata kaɗai take gani.

To, a nan gizo ke saƙar. Hoto gefe huɗu gare shi, kuma mai ɗauka ne ke zaɓen abin da zai bari a waje. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi arewacin Zamfara, har manoma da yawa a Zurmi da Shinkafi suka bar gonakinsu, waɗansu kuwa sai da suka biya haraji kafin su yi girbi. Gonar da aka gudu aka bari, da damina takan yi shar da ciyawa, har ta fi wadda aka nome kyau a ido. Kai mai karatu da ke Kaduna, in aka aiko maka da hotonta, ai cewa za ka yi Zamfara ta zauna lafiya. Ba a ƙara ko ganye ɗaya ba, amma an ruɗe ka, kamar yadda mai shaida ke ruɗin alƙali in ya faɗi rabin abin da ya gani ya yi shiru.

Wani zai ce, to, a riƙa ɗaukar rumbunan da aka ƙone kawai. Wannan ma rabi ne. Ƙasar da jirgin ƙasa ya iso a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga ba ta cancanci a san ta da makoki kaɗai ba. Balle ɗaukar fuskar matar da ta gudo da goyo ba da izininta ba, wannan tozarci ne ko da niyya ta yi kyau. Hoton da ya nuna garken shanu da hanyar zuwa gare shi kuwa, wa ya san hannun da zai faɗa?

A ganina, ya ɗauki gonar da kyanta, babu laifi. Amma ya rubuta a ƙarƙashinta sunan wurin, da watan da ya ɗauka, da dalilin da ya sa ciyawa ta kai ƙugu a inda ya kamata gero ya tsaya.