Kwana Talatin a Garin da Ba a Gina don Zama Ba

Akwai wasu iyalai a Amurka da Birtaniya, har da wasu ƙasashen, da ba sa zuwa Walt Disney World don kwana uku ko huɗu kamar yawancin mutane. Su wata guda suke nufi, wasu ma fiye da haka. Shirin tafiyar kan fara tun shekara guda kafin a ɗaure kaya: a zaɓi otal, a lissafa kuɗin ɗaki da na abinci, a buɗe jadawali a kwamfuta a raba kwanakin nan talatin gida-gida, kowace rana da filin wasan da za a shiga, da inda za a ci abincin rana, da lokacin da autan gida zai yi barci. Tsarin wurin ma yana tura mutum ga haka, domin tun saura kwana 60 ake fara kama gurbi a gidajen cin abincinsa, kuma waɗanda suka fi farin jini ba sa daɗewa suke cika. Wato uwa tana zaune a ɗakinta a watan Afrilu, tana yanke hukunci a kan abin da 'yarta mai shekara shida za ta yi marmarin ci ranar wata Talata a watan Yuni.

Abu ne mai sauƙi mu yi dariya, mu ce masu kuɗi ne suka rasa abin yi. Amma abin da ke zuciyar uwar nan ba baƙo ba ne a wurinmu. So take ta yanki wani ɓangare na ƙuruciyar 'ya'yanta ta killace shi, ta tabbatar babu ɓacin rai a ciki ko na yini ɗaya. Duk wanda ya haifa ya taɓa jin wannan buri, ko da ƙarfinsa bai wuce sayen balan-balan ranar Sallah ba. Abin da ya dame mu shi ne: in mutum ya samu hali ya ja daɗi har wata guda, daɗin ne ke miƙewa, ko wani abu dabam ne ke fitowa a madadinsa?

Mu fara ba masu wannan shiri haƙƙinsu. Wurin ba ƙarami ba ne. Filin da kamfanin ya mallaka a kudu maso yammacin Orlando, a jihar Florida, ya kai kusan murabba'in kilomita 100. A ciki akwai manyan filayen wasa huɗu: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, Epcot a 1982, wanda yanzu ake kira Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998, ban da wuraren wasan ruwa da otal-otal fiye da 20. Wanda ya zo kwana huɗu tsere ya zo yi. Zai tayar da yara da asuba, ya yi ta jan su cikin zafi daga wannan layi zuwa wancan, kuma duk kukan da yaro ya yi asarar kuɗi ce a kunnensa. Mai wata guda kuwa zai ce shi 'yanci ya saya: in yaro ya gaji a koma ɗaki, in hadari ya haɗu da la'asar, kamar yadda ya saba a can tsakanin Yuni da Agusta, a zauna a kalli ruwa, gobe ma rana ce. Ga iyalin da ke tafe da kaka a keken guragu, ko da yaron da hayaniya ke firgitawa, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba mu da abin da za mu rushe ta da shi.

Sai dai farashin tikiti yana faɗin wata gaskiya da talla ba ta faɗa. Ranar farko ita ce mafi tsada. Kowace rana da aka ƙara, kuɗinta na raguwa, kuma tikitin da aka saba sayarwa a Amurka a kwana 10 yake tsayawa. Na maziyartan Birtaniya ya kai 14. Wanda ke son fiye da haka sai ya ƙara wani tikitin ko ya sayi na shekara. Akwai lissafin kasuwa a nan, tunda mutumin da ya daɗe zai ci gaba da biyan ɗaki da abinci. Amma akwai kuma amincewa da cewa rana ta goma ba ta kai ta farko daraja ba. A shekarar da aka buɗe Magic Kingdom, 1971, masana halayyar ɗan Adam biyu, Philip Brickman da Donald Campbell, suka wallafa wani rubutu da ya yi suna a kan yadda mutum ke sabawa da duk wani jin daɗi har ya koma inda ya fara. Mu ba sai masani ya faɗa mana ba. Da kullum sarki ke hawa, da ba mai rufe shagonsa don ya je kallon dawaki. A daren farko, yaro zai saki baki yana kallon wasan wuta a saman fadar Cinderella. A dare na goma sha biyu, wutar tana tashi, shi kuwa yana roƙon a ba shi waya.

Da sabo ne kaɗai matsalar, da da sauƙi, domin asarar kuɗi ce kawai, kuma kuɗinsu ne. Abin da ya fi damunmu shi ne irin wurin da za a zauna ɗin.

Magic Kingdom dandamalin wasan kwaikwayo ne, kuma kamfanin bai ɓoye haka ba. Ma'aikatansa 'yan wasa yake kiran su, masu sayen tikiti kuma baƙi. Inda baƙi ke tafiya, a zahiri hawa na biyu ne: a ƙarƙashinsa akwai hanyoyin da aka gina tun farko aka rufe da ƙasa, ta nan ma'aikata ke zirga-zirga, ta nan ake shigo da kaya ana fitar da shara, don kada baƙo ya ga abin da zai ɓata masa mafarki. Mutum sama da 70,000 ke aiki a wurin gaba ɗaya, kuma babban ɓangaren aikin shi ne kada a ga aikin. Ga ziyarar kwana uku wannan kyauta ce. Kowa yana da haƙƙin ya huta da ganin kwandon wanki na ɗan lokaci. Amma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma raɓar da ta kai azahar ba a san sunanta ba. Wata guda ba ziyara ba ce. Zama ne. Kuma zama ne a garin da ba ka da aikin yi, ba ka da maƙwabci, ba wanda zai buƙace ka.

Mu dubi abin ta idon yaron. A gida, ko gidan masu hali ne, ɗan shekara shida yana da ɗan matsayi: a aike shi, ya riƙe ƙanensa, ya kwashe kwanonsa, wani lokaci a hana shi abu ya yi fushi ya huce. A nan kuwa duk babban da ya haɗu da shi murmushi yake masa, ya durƙusa ya kira shi yarima. Ba mu ce murmushin ƙarya ba ne, da yawa daga cikin ma'aikatan suna son aikinsu da gaske. Amma alheri ne mai gudu ta hanya ɗaya, yaron ba shi da yadda zai rama, kuma yana ganin mahaifinsa na taɓa wani abin hannu a jikin na'ura kafin kowace ƙofa ta buɗe. Tun 2021 ma, tsallake dogon layi, wanda a da kyauta ne a ƙarƙashin tsarin FastPass, ya koma na kuɗi da sunan Lightning Lane. Yaro ya wuce ta gefen wasu yara da suka yi awa guda a tsaye, sau ɗaya, abin mamaki ne. Ya wuce su kullum har kwana talatin, darasi ne, kuma ba wanda ya rubuta shi a jadawali.

Abin sha'awa, shi kansa Walt Disney ya so mutane su zauna a wurin. A watan Oktoban 1966 ya ɗauki wani fim yana bayanin Epcot ɗin da ke ransa: gari na gaske mai mazauna kusan 20,000, kowa ɗan haya, kowa da aikin yi, kamfani kuma ke riƙe da ragamar komai. Ya rasu a watan Disamba na shekarar, magadansa suka ajiye wannan shiri, Epcot ɗin da aka buɗe a 1982 ya zama filin wasa kamar sauran. Daga baya kamfanin ya gina garin Celebration a gefe, amma wannan gari ne irin na kowa, da makarantarsa da koke-kokensa. A ganinmu ba abin mamaki ba ne. Mazauni yana rashin lafiya, yana tsufa, yana faɗa da maƙwabci, yana son a ji ra'ayinsa. Baƙo ne kaɗai ake iya yi wa cikakken tsari, domin zai tafi kafin ya fara zama mutum.

A 1974 masanin falsafa Robert Nozick ya kawo misalin wata na'ura da za a jona wa mutum ta sa shi jin duk daɗin da yake so, ba tare da ya san ba gaskiya ba ne, ya tambaya ko za mu yarda a jona mu har ƙarshen rayuwa. Ya yi hasashen yawancinmu za mu ƙi, domin muna son mu yi abu, ba mu ji kamar mun yi ba. Ana yawan kwatanta wuraren Disney da wannan na'ura, amma kwatancen bai cika ba. Duwatsun siminti ne, fadar ba a taɓa yin sarki a cikinta ba, amma hannun da yarinya ta damƙe lokacin da jirgin wasa ya sulmiyo daga sama hannun ubanta ne na gaske. Abin da ba na jabu ba a duk garin shi ne mutanen da ka zo da su. Kuma nan ne shirin ke cin kansa. Uban da ya kashe abin da ya tara shekara biyu yakan zama mai gadin jadawali. Idonsa na kan manhaja yana duba wane layi ya ragu, yaran na magana yana cewa su bari tukuna. Ranar da suka ce su wankan tafkin otal kawai suke so, sai ransa ya ɓaci, domin tafki akwai shi a garinsu, ba don shi aka haye teku ba. Bai faɗa ba, amma yaran sun ji: ana bin su bashin farin ciki, kuma kullum sai sun biya da fara'a. Yaro ba ya iya ɗaukar irin wannan bashi. Ga kuma mutum biyar a ɗaki ɗaya ko biyu tsawon wata, zo mu zauna zo mu saɓa, a wurin da aka yi wa alkawarin ba a saɓawa.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci wasu iyalan da su ma ke dogon zama a yankin. A kan babbar hanya mai lamba 192, a Kissimmee, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar Disney, akwai ƙananan masaukai da aka gina don masu yawon buɗe ido, waɗanda daga baya suka zama gidajen iyalan da suka kasa haɗa kuɗin haya, suna biya mako-mako. Fim ɗin Sean Baker na 2017, The Florida Project, a ɗaya daga cikinsu aka ɗauke shi, a kan wata yarinya 'yar shekara shida da uwarta. Ba mu kawo wannan don mu sa wa mai hutu laifi ba. Fasa tafiyarsa ba zai biya wa kowa haya ba. Mun kawo shi ne domin su ma uwayen can abin da suke yi ke nan kullum, neman yadda za su killace wa yaro ɗan daɗi, sai dai su ba su da jadawali, kuma ba su san ranar tafiya ba.

To, a yi ko kada a yi? Mu dai ba za mu ce kada a yi ba. Amma da mai irin wannan shiri zai nuna mana jadawalinsa, ba gidajen da ya cika za mu duba ba, waɗanda ya bari fayau za mu ƙirga. Kwana nawa ne ba tikiti, ba gurbin abinci, ba ƙararrawar asuba? Akwai ranar da za a kwashi kaya a tafi ɗakin wanki na otal, yara su ware fari da baƙi, su naɗe nasu da hannunsu? Akwai ranar da za a fita daga katangar gaba ɗaya, a shiga kantin da mutanen gari ke cefane, a tsaya a layin da ba a tsallake shi da kuɗi? In akwai irin waɗannan kwanaki da yawa, to hujjar da muka fara da ita ta tsaya, lokaci aka saya. Sai dai mai shirin zai lura cewa kwanakin da suka fi kama da abin da yake nema su ne waɗanda ba su buƙatar Orlando, kuma yana biyan kuɗin ɗakin Orlando a kansu. Wannan ne ya sa hannu ke ƙaiƙayi a cike su.

Akwai kuma ranar da ba ta shiga kowane jadawali, amma tana zuwa, wataƙila a mako na uku. Ana cikin motar da ke mayar da baƙi otal, yaron da aka yi duk wannan dominsa zai ɗago kai ya tambaya yaushe za a koma gida. Yana kewar gadonsa, da abokinsa na makaranta, da magen da aka bar wa maƙwabta. Saura kwana tara, an riga an biya ɗaki, kuma jibi ne ranar cin abinci a cikin fada, gurbin da uwar ta tashi da asuba ta kama tun wata biyu da suka wuce. Muna ganin ya kamata a saurare shi, ko da ba za a sauya ranar jirgi ba. A yawancin iyalai kuwa, abin da za a ce masa shi ne ya yi haƙuri, ai bai ga komai ba tukuna.