Iyakar da ke Tsakanin Wasan Taubashi da Izgili

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana wadda zahirinta yabo ne, cikinta kuwa wulaƙanci. Ita ce Hausawa ke kira gatse, ƙanen ba'a da habaici. Mutum ya ga wanda geronsa bai yi ba a bana, ya ce masa a tsakar kasuwa, "Sannu Sarkin Noma!" Jama'a su bushe da dariya, shi kuwa ya koma gida da miki a zuciya. Larabawa suna ce wa wannan hali sukhriyya ko istihza'i. Masu Ingilishi suna cewa sarcasm, masu Faransanci sarcasme, asalinta kuwa kalmar Girkanci ce mai nufin yagar nama. Ku dubi yadda wannan ya dace da Suratul Hujurati, inda aya ta 11 ta haramta izgili da aibantawa da jifa da miyagun laƙubba, aya ta 12 kuma ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce.

Wani zai ce, to ina wasan taubasai da muka gada? Lalle a nan Arewa, daga Kiyeshe har Dogon Dutsi da Tibiri, Ba'are da Bafillace suna tsokanar juna su rabu lafiya, haka Bagobiri da Bazabarme. Hukumar UNESCO ma ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya a shekarar 2014, domin tana kashe husuma. Musulunci bai hana raha ba, Manzon Allah (SAW) ya kasance yana raha alhali ba ya faɗin komai sai gaskiya.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa cututtukan harshe 20 a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya sanya izgili na 11. Ma'aunin da ya kafa shi ne halin wanda ake yi wa: in yana farin ciki da abin, hukuncinsa na raha ne, in kuwa ƙasƙantawa ce mai cutar da shi, haramun ne. Saboda haka taubashi ba hujja ba ce ta yi wa mutum gori da talaucinsa, ko naƙasarsa, ko asalinsa, ko rashin haihuwar matarsa. Sahabbai sun taɓa dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'udu, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa a mizani ya fi dutsen Uhudu nauyi. Mafi muni shi ne ba'a da addini, wanda ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba suka kira kafirci, ba su karɓi uzurin wasa ba.

Ku ji tsoron Allah a majalisun shayi da saƙonnin muryar WhatsApp, domin mai turawa abokin mai faɗa ne cikin alhaki. Wanda ya san ya yanki ɗan'uwansa da harshe, ya je ya nemi yafewarsa tun yana da rai.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya gafarta mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.