AN GOGI MOTARKA: NAWA NE HAƘƘINKA, NAWA NE WUTARKA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, tambayar da ta fi zuwa mini a kan haɗarin mota ba ta babban haɗari ba ce. Ta ƙarami ce: an fasa fitila, an lotsa bamba, an kankare fenti, babu wanda ya ji ciwo. Na lura cewa a irin wannan ƙaramin abu ne imanin mutum yake fitowa fili, domin babu gawa a ƙasa da za ta tsorata kowa, sai kuɗi kawai da harshe.

Bari mu fara da wanda ya yi bugun. Kalmarsa ta farko ita ce "ƙaddara ce, ba da gangan na yi ba". Gaskiya ne, ƙaddara ce. Amma malaman fiƙihu, har da namu na Malikiyya, sun tabbatar cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen biya. Kuskure yana ɗauke maka zunubi, ba ya ɗauke maka ramuwa. Ƙaddarar da ta sa ka bugi motar ita ce kuma ta sa biyan ya hau kanka. Wanda ya gogi mota a fakin ɗin masallaci ko na asibiti ya duba hagu da dama ya ga ba kowa, ya ja motarsa ya tafi, bashi ya ɗauka, kuma mai bashin bai ma san sunansa ba balle wata rana ya yafe masa.

Sai 'yan kallo. Kafin a ce kwabo an taru, kowa na cewa "Alhaji a yi haƙuri, a bar wa Allah". Yafiya alheri ce babba, musamman idan wanda ya yi bugun ɗan adaidaita sahu ne da ke fafutukar haɗa balas. Sai dai yafiya kyauta ce, mai haƙƙi ne kaɗai ke da ikon bayar da ita. Abin da aka ƙwata da kunya a tsakiyar titi, ana yi wa mutum kallon marar tausayi, ni ban ga yadda za a kira shi yafiya ba. Mai son sulhu na gaskiya ya sa hannu a aljihu ya taimaka, kada ya yi kyauta da kayan wani.

To kai da aka buga wa fa? Haƙƙinka shi ne a mayar maka da motarka yadda take kafin bugun. Ba yadda take ranar da aka sauke ta daga Kwatano ba. Idan ƙofar baya ta yi shekara biyu a lotse, ba ta cikin lissafin yau. Idan fitilarka ta hannu ce wadda ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ka ce sai sabuwa dal a kwali, ka karɓi kuɗin sabuwa ka sayi ta hannu ka soke canji. Wanda aka zalunta da safe yana iya zama azzalumi kafin azahar, kuma a garejin bakanike hakan ke faruwa.

Yanzu mu zo kan inshora, inda shaiɗan ya fi samun ƙofa. A Najeriya dole ne kowace mota ta mallaki inshorar ɓangare na uku. Tun farkon 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. A lura da kyau: wannan inshorar motar da KA BUGA take gyarawa, ba taka ba. Rashin sanin haka, ko sanin da take shi, shi ke sa wasu su haɗa baki a juya labari, a ce wane ne ya bugi wane, don kamfani ya biya abin da bai hau kansa ba. Wasu kuma su ce wa mai gyara ya rubuta rasit na dubu ɗari uku a aikin dubu ɗari da hamsin, a raba ragowar.

Idan ka yi magana sai a ba ka hujja biyu. Ta farko: "Ai kuɗin kamfani ne, ba na mutum ba." Ta biyu, wadda ta fi haɗari domin an yi mata rawani: "Malam, ai ku kuka ce inshora haramun ce, to don na ci kuɗinsu mene ne?"

Gaskiya ne, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya. Akwai kuma manyan malamai irin su Shaikh Mustafa Zarƙa da suka ga halaccinta. Da yawa daga masu hanawar ma sun yi rangwame a kan wadda hukuma ta tilasta, sai suka saɓa a kan ko mutum zai karɓi fiye da abin da ya zuba. Wannan saɓani ne na ilimi, ina girmama shi. Amma duk cikinsu babu wanda ya ce ƙarya ta halatta. Idan kana ganin cinikin haramun ne, abin da wannan zai haifar shi ne ka yi nesa da kuɗin, ba ka ƙara hannu a ciki da rasit na bogi ba. Wanda yake ƙyamar kwano ba ya neman ƙari.

Batun "kuɗin kamfani" kuwa, kamfani ba ya buga kuɗi. Abin da yake biya daga aljihun masu zubi yake fitowa, kuma idan ƙarya ta yi yawa, kuɗin zubin ake ƙara wa kowa. A takaful abin ya fi muni. Tsarin, wanda aka fara kamfaninsa na farko a Sudan a 1979, kuma yanzu muna da shi a Najeriya, asusu ne na mahalarta da suka ba da gudummawa don a tallafi wanda masifa ta samu. Wanda ya kumbura rasit a nan, malamin makaranta da direban tasi da bazawara mai 'yar motarta ya yi wa sata, ba wani bature a bene ba.

Kai ma bakanike, da mai bugun jiki, da mai fenti: rasit ɗinka shaida ce. Da biro kake ba da ita, amma shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. "Oga ne ya ce in rubuta" ba zai tsaya maka ba.

Akwai kuma mai sayen takardar inshora a hannun 'yan bakin ofis da rabin kuɗi, ya san ta bogi ce, don dai ya wuce shingen 'yan sanda. Ranar da ya bugi motar talaka, babu kamfanin da zai biya, shi kuma ya ce ba shi da shi. Tun ranar da ya sayi takardar ya shirya zaluntar mutumin da bai taɓa gani ba.

Shawarata gajeriya ce. Idan abin ya faru, ku tsaya, ku ɗauki hoto kafin a matsar da motoci, ku karɓi lambar juna, ku sanar da kamfani da wuri, ku je wurin mai gyaran da ku biyun kuka yarda da shi, a rubuta abin da aka yi ittifaƙi a kai da shaidu. Sannan kowa ya tambayi kansa: da daga aljihuna za a biya, kuma mai motar ƙanina ne, nawa zan ce? Wannan adadin shi ne gaskiya. Abin da ya hau kansa, komai ƙanƙantarsa, akwai ranar da za a biya shi, kuma ranar ba a karɓar naira.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya tsarkake mana abin da muke ci. Wallahu a'alam.