Tsatsa Ba Ita Ce Ƙarfen Ba

Ka taɓa tsintar awartaki ko gizago a bayan rumbu bayan damina, ya yi jajur da tsatsa? Abu mafi sauƙi shi ne ka miƙa wa 'yan jari bola su auna a sikeli. Amma akwai wata hanya.

Ka zuba ruwa a bokitin roba, ka jiƙa kanwa a ciki. Ka sa awartakin a gefe ɗaya, wani tsohon rodi a ɗaya gefen, kada su taɓa juna. Ka kawo batirin mota mai bolt 12, baƙar waya ta kama awartakin, jar waya ta kama rodin. Nan da nan kumfa za ta fara tashi. Iskar nan tana kama wuta, don haka a fili ake aikin, nesa da murhu. Kada ka sa gishiri a maimakon kanwa, yana fitar da iska mai guba. Kafin gari ya waye tsatsar ta saki, sai gogewa. Michael Faraday ne ya tsara ƙa'idojin wannan ilimi a Ingila a shekarun 1830.

Ka lura da abu uku. Rodin nan shi ne ke cinyewa. Ramukan da tsatsa ta haƙa ba sa cikewa. In kuma ba ka busar da awartakin ka shafa masa mai ba, tsatsa za ta dawo tun a ranar.

Yanzu ga tambayar. Saurayin da ya sayar da takin mahaifinsa ya gudu birni, ya dawo hannu biyu, me za mu yi da shi? A ƙasar Bichi da Dambatta gona na jikin gona, babu saura, kowa ya san labarin kowa. Wasu za su ce a ƙyale shi ya girbi abin da ya shuka, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin laifi yana da lada nasa. Sai dai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gyaran mutum ba kyauta ba ne. Dole wani ya ragu: ya yanka masa gayauna daga 'yar gonarsa, ya tsaya masa wurin bashi, ya haɗiye gorin maƙwabta. Kada ka sa rai tabon zai ɓace, awartaki mai ramuka ma yana kama ƙarfe. Kada kuma ka bar shi zaune bayan ya tuba. Aiki da zumunci su ne man da ke tsare shi.

Wane ne ka riga ka auna a sikeli a zuciyarka? Ka je ka gaishe shi a makon nan. Ubangiji ya ba mu zuciyar gyara. Amin.