AMANAR JAGORAN MAKARANTU: MUƘAMI DA MA'AUNI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda aka ɗora wa kula da makarantun wata gunduma daga gundumomi 5 na birnin Yamai, to an miƙa masa ma'auni, kuma kowa yana son ya ɗora nasa dutsen. Malamai, musamman ƴan kwantaragi, suna neman albashinsu kan lokaci. Uwaye suna son a karɓi kowane yaro. Magabata suna cewa baitulmali ba ya ɗauka. Ƙungiyar ɗalibai ta USN kuwa tana da muryar da ƙasa ta sani tun ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka kashe ɗalibai 3 a gadar Kennedy. Kowannensu yana da hakki. To, wane hakki ne zai rinjaya idan suka yi karo?

Mu dubi azuzuwan zana. Yara sun yi yawa, gini ya yi kaɗan, sai aka kafa rumfuna don kada a mai da kowa gida. Uwaye sun samu gurbi, hukuma ta samu sauƙi. Sai ga shi a watan Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar, aka sake irinta a Maraɗi. Bayan haka ne gwamnati ta hana sanya ƙananan yara na rainon farko cikin zana.

Malaman fiƙihu sun jera maslahohi daki-daki: tsare rai yana gaba da tsare dukiya, kuma kau da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Saboda haka adalcin jagora shi ne ya san nauyin kowane hakki, domin raba daidai tsakanin masu kuka ba ya wadatarwa. Mai yajin aiki ana jin sa, mai muƙami ana tsoronsa, amma yaro ɗan shekara 5 ba shi da ƙungiya, alhali don shi aka gina makarantar. A wurin shawara, wajibi ne jagora ya zama bakinsa.

Mu ma uwaye da nauyi a wuyanmu. Kwamitocin COGES an kafa su ne don mu zauna da malamai mu binciki halin makarantunmu. Wanda ya ƙaurace wa taron, ya bar wa wani hukuncin ran ɗansa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya jiƙan yaranmu da suka rigaye mu. Amin.