Har yanzu motar Baba ce?

Bayan rasuwar mahaifinmu, motarsa Peugeot 504 ta yi shekara shida a ƙofar gidanmu a Damagaram, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ranar rabon gado yayana ya ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce a yi mata kuɗi, a cire daga rabona.

Wata bakwai na yi a kan injinta. Da na tashi daga gidan rediyo sai garejin wani dattijon makanike, shi yana nuni da baki, ni ina kwancewa. Na sauya fistan huɗu da zobbansu, da kwanon silinda, da famfon ruwa. Ranar da ta tashi, yayana ya saurara ya ce: "Ƙanena, wannan ba motar Baba ba ce. Wata ce ka saya guntu-guntu."

Maganar ta hana ni barci, domin ba sabuwar tambaya ba ce. Girkawan dā sun yi gardama a kan jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana: katakon da ya ruɓe duk sai a sa sabo, har aka rasa na asali. Shin jirgin ne, ko wani?

Ni a cikin injin na samu tawa amsar. Da na buɗe shi, na tarar da kusoshi iri dabam-dabam, da wata waya da Baba ya ɗaure da hannunsa. Ashe shi ma bai hau motar da ta fito daga masana'anta ba. Waɗanda suka ƙera 504 a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, sun yi kwanon silindarta yadda za a zare a sa sabo. Da gyara aka nufe ta tun farko.

Yayana bai rasa gaskiya ba: kukan injin ya sake, kuma ƙarfen da Baba ya taɓa kaɗan ya rage. Sai dai ba ƙarfe ya bar mana ba. Hali ya bari, na ƙin yasar da abu don ya gaji. Da na bar ta ta ruɓe da kayanta na asali, a nan ne da ta daina zama tasa.

Wayar nan kuwa ban taɓa ta ba.