Tulun da Baba Ya Liƙe

Ɗan'uwa mai karatu, ko kai ma ka rufe mahaifinka? Ni na rufe nawa, ina kuwa so in ba ka labarinsa kaɗan.

Baba manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi. Bai shiga lakkwal ba. A ajin yamma na ikilisiya ya koyi karatu, yana bin baƙaƙe da yatsa, har ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Ni kuwa ya kai ni makarantar mishan.

A shekarar 1984 ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone a tsaye. Manya sun tuna yunwar nan da ake kira El-Buhari. Rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta zo ba, muka koma cin dusa da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Amma akwai wani tulu a ɗakin Baba, an liƙe bakinsa da laka. Iri ne a ciki. Inna ta roƙe shi ya ba da ko tiya guda a dama wa yara kunu, ya ƙi. Wani dare na ɓamɓare lakar, na cika hannu, na tauna tsaba a cikin duhu. Da safe na ce ɓera ne. Baba ya dube ni ya ce bai taɓa ganin ɓeran da ke mai da murfi ba. Bai doke ni ba. Ya kwaɓa laka ya sāke liƙewa, ya ce mu durƙusa mu yi addu'a. Da ma bulala ya yi mini, da ta fi sauƙi.

Da ruwa ya sauka a 1985, ya buɗe tulun, ya auna wa maƙwabcinmu, wanda ba mai bi ba ne, gama shi ya riga ya cinye nasa irin. Na ji haushi ƙwarai. Saura muka binne a ƙasa da yunwa a cikinmu. Da kaka muka ɗaure dammuna, mu da maƙwabcin duka.

Ranar da muka kai Baba makabarta, fasto ya karanta 1 Korintiyawa sura 15, inda manzo Bulus ya kwatanta jikin mai bi da ƙwayar da aka shuka, wadda ba ta tsira sai ta mutu. Ina tsaye bakin ramin, sai tulun nan ya faɗo mini a rai, na fashe da kuka. Waɗansu suka ce bai kamata dattijon ikilisiya ya yi haka ba. Ban yarda da su ba. Ubangiji Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru a Baitanya, alhali ya san zai tashe shi. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege.

Bayan makoki muka raba gado. Gona ta rabu, awaki suka rabu, tulun ya zo hannuna. Bangaskiyar Baba kuwa ba ta shiga rabo ba, gama ba a gādonta. Shi da kansa ya tuba, ya gaskata Yesu Almasihu ya mutu domin zunubansa, ya kuma tashi a rana ta uku. Kai fa? Ko sunan gidan Kirista kaɗai kake riƙe da shi?

In mahaifinka yana da rai, kuma akwai laifin da ka ɓoye masa, ka tafi ka faɗa masa bana. Ni sai da Baba ya kwanta ciwon ajali na furta masa cewa ni na ci irin, na roƙi gafara. Ya yi dariya, ya ce ai tun safiyar nan ya gafarta wa ɓeran.